Akushin Maiwada

Maiwada mutumin Kafur ya tafi Lakwaja fataucin kanwa, ya dawo da ramar zazzaɓi da sabon addini. A can ya ji masu bin Almasihu suna cewa a gaban Ubangiji babu ɗa babu bawa, maganar ta shige shi har ya yi hawaye. Da ya dawo kuwa, babu inuwar da bai zauna ya maimaita ta ba.

Yana da bawa guda, Dogo, wanda aka kamo daga ƙasar Gwari, shi ke riƙe da gonar dawa. A sakaina Dogo ke cin tuwonsa bayan rumbu, Maiwada kuma bai taɓa tunanin wa'azinsa zai kai bayan rumbu ba.

Ranar gayya, maƙwabta sun nome rabin gona aka kawo tuwo. Dogo ya wanke hannu, ya zo ya zauna gaban akushin maigida.

"Maigida, na ji abin da kake faɗi a gindin tsamiya."

Kowa ya zuba musu ido. Kunya ta rufe Maiwada, har ya fara shafa ciki zai ce ciwo. Sai ya ce a ransa, "Kai da bakinka, Maiwada, ga shi an dafa an kawo maka." Ya sa hannu suka ci. Maƙwabta suka saɓa garemaninsu suka watse, ko sallama babu.

Da yamma yana ta yi wa matarsa Hansai alfahari. Ta ce, "Ina kallonka, Malam. Kamar mai haɗiyar maɗaci."

Da safe sai ga Dogo a ƙofar zaure, da sanda da gora.

"Tunda ni ɗan'uwanka ne, na bar uwa a Gwari. Ban sani ba ko tana da rai."

Maiwada ya dubi rabin gonar da ciyawa ta cinye. Shi a zatonsa a akushi maganar za ta tsaya. Tsoron yunwa ya kama shi, amma ya juya ya kira matarsa.

"Hansai, ɗaura masa guzuri."

Da Dogo ya ɓace a kan hanya, Maiwada ya ɗauki garma ya nufi gona, yana tafiyar manyan manoma. Hansai ta leƙo ta kan danga.

"Malam, ta ɗaya gefen ake riƙewa."