Cikon Goma

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi a makarantarmu, ban taɓa ganin ana ji da ni ba sai bara, da mahaifiyar shugaban makaranta ta rasu. Ba don iya lissafina ba kuwa. Don dai ni namiji ne, Bayahude, kuma har yanzu ina numfashi.

Makarantar tana hawa na uku da na huɗu a wani tsohon bene a unguwar Sheung Wan ta Hong Kong, a saman shagunan masu busasshen kifi. Duk takardar shaidar da muka ba ɗalibi da ƙarni take fita. Attajiranmu 'yan asalin Bagadaza da suka baro Shanghai su suka kafa ta. Hotunansu na nan jere a bango, danshi ya cinye wa biyu fuska. A zamaninsu ɗalibai sun haura ɗari. Mu ashirin da tara muke da su, mata ashirin da uku, maza shida.

Shugaba, Malam Menashe Shellim, dole ne ya karanta wa uwarsa Kadish, addu'ar mamaci, kullum har wata goma sha ɗaya, kuma ba ta karantuwa sai maza goma baligai sun taru. Majami'a tana can bisa tudu, gwiwoyinsa kuwa sun daɗe da yin ritaya ba su jira shi ba. Sai aka duba na gida: yaran nan maza shida, da duk sun balaga, shi, limaminmu, malamin kimiyya. Tara. Kowa ya juyo ya dube ni.

Rabona da ibada don raɗin kaina tun ina da gashi a ka. Amma haka na riƙa tsayawa a ɗakin karatu ƙarfe bakwai da rabi, ina cewa amin a inda na ji wasu sun ce. Madam Lau, sakatariyarmu, wadda turare take ƙona wa kakanninta, ita ke tashin yaran ta waya ɗaya bayan ɗaya. Ta fi limamin sanin wanda ke ƙaryar mura. 'Yan matan kuwa sai su zauna a baranda suna cin burodi suna kallonmu ta taga.

Wata safiya Tirza, 'yar aji shida mai bakin tsiya, ta tare ni a ƙofa.

"Malam, mu ashirin da uku ne fa. A lissafinka nawa muke?"

"Ba ni na kafa dokar ba, 'yata."

"Ai na sani. Kai ma cike gurbi kake yi."

Ban sami abin da zan hukunta ta a kai ba.

A wata na takwas na makokin wata babbar makaranta a hayin Kowloon ta ce ta ɗauke ni aiki. Na je na gani: lif mai hawa da mutum sama, na'urar sanyaya ɗaki, allon da ba a shafa da tsumma. Suna so in fara farkon wata, su ji amsata kafin Juma'a. Shekarata hamsin da biyu, na kuma san ba za a sake yin irin wannan kuskuren a kaina ba. Kwana uku takardar barin aiki tana aljihuna har ta yi laushi.

Ranar Alhamis na shiga ofishin Shugaba. Kafin in gama gyaran murya ya ce ya sani. Mutanen Kowloon sun bugo neman shaida a kaina, ya kuma yabe ni yabon da zai nemi gafarar Allah a kansa. Ya zuba mini shayi, ya ce in tafi abina.

"Saura wata uku, ranka ya daɗe. Za ku zama tara."

"Sai in hau tudu, Gershon. Uwata ce, ba taka ba."

Ya miƙe zai ɗauko sukari, sai da ya dafa tebur da hannu biyu. Da ya roƙe ni ne, da na tafi hankali kwance. Na fito na buga wa mutanen Kowloon na ce na gode, ba zan zo ba. Matar da ta ɗauka ba ta ko tambayi dalili ba, abin da ya ɗan ɓata mini rai.

Ranar Litinin na zo da wuri, karo na farko a tarihi, ina jin kaina kamar waliyyi. Limami ya bi mu da ido, ya sake bi. Ya buɗe ƙofa ya leƙa matakala. Can sai ga Madam Lau da waya a hannu: kamfani ya mayar da mahaifin Yoav, ɗaya daga cikin yaran shida, Singafo, sun tashi tun jiya Lahadi, uwar ta ce a yi haƙuri, hidimar kaya ce ta sa ba ta sanar ba.

Muka tsaya mu tara. Aka yi abin da ke yiwuwa, aka tsallake Kadish. Malam Menashe ya ninke mayafin ibadarsa a hankali, bai dubi inda nake ba, na kuwa gode masa a raina. Na wuce aji na koyar da lissafin kashi-kashi.

Washegari ƙarfe shida na same shi a gindin tudu. Akwai matakalar lantarki da ke kai mutane sama, amma da safe ƙasa take gangarowa da ma'aikata, sai ƙarfe goma take juyawa. Don haka ta dutse muka bi, hannunsa a kafaɗata, jakarsa a wuyana. Duk hawa ashirin sai mu tsaya, ya yi kamar yana duba agogo.

A can sama maza sun fi talatin, ba mai bukatata. Na zauna a bencin baya ina haki, ina jiran ya gama in sauko da shi kafin ƙararrawar takwas.