Jifan da Ya Kuɓuce wa Ozell

A 1934 muna yawo gari-gari a Mississippi cikin wata tsohuwar bas, mu baƙaƙen fata goma sha ɗaya, muna buga besbol, wasan ƙwallo da sanda, da duk wanda ya gayyace mu. Idan da Turawa za mu kara, doka ɗaya ce: a ci su, a ci mu, amma kada ƙwallo ta taɓa jikinsu.

Ni ne mai cafewa, tsugunne bayan mai bugu. Ozell ne mai jifa, kuma ranar rana kamar ta dafa ƙwai, hannunsa sharkaf da gumi.

"Goge hannun nan, ɗan banza!" na ce masa.

"Tsoho, kai dai buɗe tafi," in ji shi.

Harlan Tate, ɗan mai masana'antar katakon garin, ya shigo da sandarsa. Lokacin ba a san hular kwano ba. Ƙwallo ta kuɓuce wa Ozell, ta sami Harlan bayan kunne, ƙwas! Ya zube kamar buhu.

Na ga ma'aikatan ubansa sun fara tsallako shinge, wani riƙe da igiyar ɗaure katako. Ozell ya sandare inda yake.

Na durƙusa kusa da Harlan. "Yallaɓai, don girman Yesu ka tashi. In ba ka tashi ba za su rataye Ozell. 'Ya'yansa uku."

Ya buɗe ido da ƙyar, jini na fita ta kunnensa. Ya dube ni, ya dubi mutanen. A wasan nan, in wanda aka jefa ya tashi ya taka zuwa zangon farko, wurin da mai bugu ke fara tsayawa a cikin fili, magana ta mutu. Ya dafa kafaɗata ya miƙe.

"Ku koma!" ya daka musu tsawa. "Ni na kai kaina. Wasa ai bai ƙare ba."

Ya taka yana layi, bai ko shafa wurin ba. Na bi shi a gefe, da ya isa ya ce mini a hankali, "Kai, ku tada motarku."

Muka sulale ɗaya-ɗaya kamar masu zuwa shan ruwa, muka shige bas, Ozell a kwance ƙarƙashin kujera. Ta gilashin baya na hango Harlan yana tsaye ƙyam a zangon, ya ƙi zama.

Sai da muka shiga Tennessee muka ji cewa ko gida bai kai da rai ba.