Hannun da Yaya Bai Sani Ba

Ranar Laraba, ƙarfe huɗu saura kwata, Mai Walda ya tayar da injinsa, nan take rediyon Mai Agogo ya cika da ƙara kamar ana suyar tsakuwa.

Shekara ashirin ke nan, da ya rufe shagon gyaran agogo sai ya shige ɗakin baya, ya zauna gaban rediyonsa mai aika saƙo. Yayansa na can wani tsibiri da waya ba ta kamawa, shi ma da irin rediyon. Da murya suka fara hira. Da shanyewar jiki ta ɗauke wa Yaya harshe suka gwada ta kwamfuta, Yaya ya ƙi, wai inji ne kawai ke gaida inji. Sai suka koma bugun Mos, wato aika haruffa da ƙwanƙwasa gajere da dogo, da ɗan makunnin tagulla ƙarƙashin yatsa. Kowa da yadda hannunsa ke bugawa, kamar rubutu, kuma Yaya na alfaharin ko cikin barci zai gane hannun ƙanensa.

Makon jiya bugun Yaya ya yi rauni ƙwarai. Abin da ya aiko shi ne: "Laraba, ƙarfe huɗu. Kada ka makara, ban ga wata Larabar a gabana ba."

Mai Agogo ya tsallaka titi, zuciyarsa na tafasa.

"Maƙwabci, don Allah ka kashe injin nan, minti goma kawai. Yayana ne ba lafiya."

Mai Walda bai ko ɗaga gilashin fuskarsa ba. "Baba, ni ƙofar mutane nake haɗawa. Je ka yi wasan ƙwanƙwasarka gobe."

Mutumin da ko agogo ba ya bugawa da ƙarfi, sai ga shi ya suri almakashin yankan ƙarfe ya datse wayar injin. Wuta ta yi tartsatsi, shagon ya yi tsit. Mai Walda ya miƙe. Naushin farko a muƙamuƙi ya sauka, wani abu ya ce ƙas. Mai Agogo ya faɗa kan tarin rodi, ya rarumi guda ya shauɗa masa a ƙwauri. Ƙaton ya yi gurnani, ya danne shi da gwiwa a ƙirji, ya shimfiɗe hannunsa na dama a kan siminti.

"Da wannan ka yanke?"

Ya jawo guduma, sau biyu ta sauka. Kafin masu shagunan kusa su janye shi, yatsu uku sun juya inda yatsu ba sa juyawa.

Suka ce a kai Mai Agogo asibiti, ya fizge. Ya koma ɗakin baya yana ɗigar jini a kan littafin da yake rubuta hirarrakinsu. Ƙarar ta ɗauke, rediyon ya fito fes, ga Yaya can yana buga lambar kiransa a hankali. Daɗi ya kama shi har ya manta da ciwon.

Ya ɗora hannun hagu a kan makunnin. Hagu ba ta taɓa wannan aikin ba. Gajere ya fito dogo, dogo ya karye biyu.

Yaya ya bugo: "Wane ne? Wannan ba hannun ƙanena ba ne."

Ya jawo makirufo da sauri, don in Yaya ba ya magana ai yana ji. Ya buɗe baki, muƙamuƙin ya ƙi. Nishi ne kawai ya fita, da jini.

Ya koma kan makunnin, ya fara buga sunan da Inna ke kiransa da shi suna yara. A harafi na biyu hannun ya zame.

"Bawan Allah, ka sauka daga layin nan," Yaya ya bugo. "Ƙanena nake jira. Bai taɓa makara ba."

A tsallaken titi Mai Walda ya gama ɗaure wayarsa, injin ya sake tashi. Can ƙarƙashin ƙarar, Mai Agogo na jin Yaya yana ta kiransa, kowane kira ya fi na baya rauni.