Yayyafin Jirgi a Gonar Abarshi

Abarshi na Tajaye manomin binne ne tun tasowarsa. Kafin ruwa ya sauka yake zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa ya rufe, don iri yana iya kwana da kwanaki a busasshen rairayi bai lalace ba. Yayyafi ne ajalinsa, ya sa shi ya tsiro, ya tafi ya bar shi da ƙishirwa. Shi ya sa kowane mai hankali yake binne rabi, ya ajiye rabi.

Bana kuwa irin ƙwarya ɗaya ne tak, abin da ya tsira daga yunwar bara. Sau nawa matarsa Kubura ta roƙe shi ta daka ko kaɗan yara su sha kunu, ya toshe kunnensa!

Sai ga mutanen wani furoje, wato shirin taimakon manoma, da fararen motoci. Shugabansu Mushe Fahad, wato Malam Fahad da Faransanci, mai ƙamshin turare kamar gidan biki, ya ce jirgi zai feshe gajimare da magani, ruwa ya zubo. Nan gaba ma, in ji shi, damina za ta zama kamar famfo, a buɗe a rufe. Aka yi ta tafi, har da Abarshi da furfurarsa. Washegari ya juye irin kaf a gona.

"Malam, duka ka binne?" in ji Kubura.

"Ke mi kinka sani? Jirgi na tahe."

Jirgin ya zo kuwa, ya yi ta gurnani a sama. Da la'asar aka yi ɗan yayyafi, wanda ko jaki bai jiƙa ba sosai. Ko jirgin ne ya kawo shi ko dama zai zo, Allah ne masani. Amma Mushe Fahad ya buɗe lema a bakin kasuwa aka ɗauke shi hoto, suka ci rago, suka watsar da ƙasusuwa, suka kama hanya. Tir da wannan cin fuska!

Geron ya tsiro, rana ta buɗe masa wuta. Abarshi ya tona rami da yatsa, ya ciro tsiro ya yi baƙi ya murƙushe. A rediyon maƙwabcinsa ana ta shelar an yi nasara. Ya tofar da yawu. Ƙyamarsu yake ji, amma ya fi ƙyamar hannayen nan nasa da suka yi tafi.

Bayan mako biyu aka kwarara ruwan gaske, ba jirgi ba lema. Gari ya fita shuka, kowa da rabin da ya ajiye. Abarshi na zaune a ƙofar ɗaki Kubura ta ajiye ƙwaryar a gabansa, ba ko ƙwaya a ciki.

"Da ka bari yara sun sha," ta ce.