Rigar Komawa Aji

Da likita ya ce zan iya komawa aiki, kowa a gidan ya yi hamdala ban da ni. Sun ɗauka gajiya nake tsoro, ni kuwa idon 'yan mata nake tsoro. Lissafi nake koyarwa a sakandaren mata, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa gaban aji irin nawa ta san kafin ki ajiye jaka sun ƙare miki kallo daga ɗan kunne har takalmi. Ba sa iya riƙe darasin jiya, amma za su faɗa miki rigar da kika saka ranar buɗe makaranta. Malama Ba-Wasa suke ce mini a bayan ido. Na sani, kuma ina son sunan.

An cire mini nonon dama saboda sankara. Shugabar makaranta kaɗai ta san haka, sauran an ce musu jinya na yi. Ba na son tausayi. Duk ranar da yara suka fara yi wa malama magana a hankali suna karkata kai, to aji ya mutu. Abin da nake so shi ne in shiga, in ɗauki alli, a ci gaba da tsorona kamar da.

Yaya ce ta fara kawo ɗauki. Ta zo da dogayen riguna cikin jaka, kowacce za ta ɗauke ni ta ɗauki maƙwabciyata.

"Ki saka mai faɗi kawai," in ji ta. "Ki ɗora babban mayafi. Wa zai gane?"

"Yaya, yaushe rabon da ki gan ni da babban mayafi a wurin aiki? Ranar da na shiga da shi, kafin a tashi tara labari ya zaga makaranta."

"To ki saka rigar dai mu gani, ba dogon bayani na tambaye ki ba."

Na saka. Yadin mai santsi ne, mai laushi, ya zubo daga kafaɗa yadda ya ga dama. A hagu ya sami abin da zai hau, a dama ya kwanta lif a kan ƙirjina. Rigar da aka kawo don ta rufa asiri ita ta fi kowa tona shi. Yaya ta kalli madubi, ta kalle ni, ta ce a gwada wadda ta fi ta faɗi. Haka muke a gidanmu, duk abin da ya dame mu sai mu ƙara masa yadi.

Da ta ga abin bai yi ba, sai ta buɗe durowar Baban yara ta ɗauko safa, ta dunƙule ta, ta cusa mini cikin rigar nono. A tsaye cak gaban madubi, ba laifi. Na ce shi ke nan, a bar shi haka, domin na gaji da kallon kaina.

Muna cikin haka Auta ta shigo. Ita ce ƙanwarmu ta ƙarshe, kuma sana'arta sayar da kayan mata ta waya. Tana kuma ɗaukar kanta a bidiyo tana gaya wa mata abin da ake yayi, wace jaka ke tafiya da wane takalmi, wane wuyan riga ya dace da mai gajeren wuya. Na sha ce mata wannan ba aiki ba ne, surutu ne da aka saka wa janbaki. Ba ta taɓa mayar mini ba, dariya kawai take yi.

Ta tsaya bakin ƙofa ta dube ni sama da ƙasa.

"Anti, a aji tsayawa kike yi kamar hoto?"

"Me kike nufi?"

"Ina allinki? Ki rubuta mini wani abu a ƙofar kabad ɗin nan. Can sama, inda kike fara rubutu a allo."

Na harare ta, amma na ɗauko alli a jaka. Na ɗaga hannu da ƙyar, domin har lokacin wurin ɗinkin yana ja, na rubuta layi ɗaya, na sake rubuta wani. Da na juyo, Yaya ta rufe baki da hannu. Safar ta baro inda aka ajiye ta, ta hau har kusa da wuyana ta zauna.

Ni na fara dariya. Na yi ta yi har na zauna a bakin gado, daga nan kuma ta juye ta zama kuka, irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Na ga kaina a gaban aji na juyo haka, yara sun yi tsit. Yaya ta rungume ni tana cewa in ƙara hutu, aikin ba zai gudu ba.

Auta ta bari sai da na share fuska, sannan ta zauna a ƙasa gabana.

"Gara da ya faru a nan," in ji ta. "Safa ba ta da nauyi, shi ya sa take hawa. Na hagu yana da nauyinsa, dole na dama ma ya samu. Kuma ki cire wannan labulen da Yaya ta saka miki."

"Labule?" in ji Yaya. "Ke, ki kiyaye ni."

"Yi haƙuri, Yaya, amma kaya mai faɗi ba ya ɓoye komai in yadin ba shi da jiki. Riga daga kafaɗa take zama. In kafaɗa ta zauna daidai, yadi kuma yana da ɗan tauri, shi zai riƙe kansa, ba sai ya jingina da ƙirji ba. A samu mai ƙananan zane, ido ba ya iya auna komai a kansa."

Magana take yi kamar yadda take yi a bidiyo, har da juya hannu. A karo na farko na saurara har ƙarshe.

Nauyin ne ya tsaya mana. Auta ta ce akwai na roba da ake sayarwa, amma likita ya ce in jira wurin ya gama warkewa kafin in saka. A yanzu sai dai a ɗinka 'yar jaka ta auduga mai laushi a zuba wani abu a ciki. Muka fara lissafo abubuwa, kowanne da matsalarsa: wannan zai yi ƙara, wancan zai ja danshi. Sai Yaya ta kai hannu wuyanta ta ciro sarƙar duwatsun da take sakawa kullum, masu santsi, ƙanana, ta miƙa wa Auta.

"Tsinke ta, a zuba duwatsun a 'yar jakar."

"Yaya, sarƙarki ce fa."

"Na ce ki tsinke. Wuyana ma ya huta."

Washegari Auta ta kai ni wurin telarta, wata mata mai shago a bayan kasuwa wadda ba ta tambaye ni komai ba sai inda ke mini zafi. Ta auna kafaɗa, ta sauke ramin hannu kaɗan don kada ya goge tabon, ta sa tattara daga kafaɗar dama ta gangaro a karkace. A nan muka yi faɗa da Auta. Ita tana son a yi hannu mai kumburi, wai shi ake yayi.

"In shiga aji kamar zan tashi sama? Ba da ni ba."

"Anti, kowa shi yake sakawa."

"Kowa ba ya koyar da lissafi."

Ta haƙura da hannun, amma ta ci ni a kan fil. Wani ɗan ƙaramin fil ne mai ƙyalli, siffar ganye, ta ce a maƙala shi a kafaɗar hagu. Ido, in ji ta, inda ya ga ƙyalli nan yake fara sauka, kuma ragon abu ne, ba ya son ya matsa. Da rigar ta fito muka sake gwajin ƙofar kabad. Na rubuta, na goge, na sunkuya na ɗauki alli, na juyo da sauri kamar na kama mai surutu. Komai yana nan inda aka ajiye shi.

Ranar da na koma, na shiga ajin 'yan shekarar ƙarshe. Suka miƙe suka gaishe ni, suka yi mini sannu da jiki, na ce su zauna su fito da littafi. Na ji idanunsu suna yawo a kaina, na kuma ga inda suka tsaya: a kan fil. Wata ta raɗa wa ta kusa da ita cewa Malama ta fara gayu. Na ce ta taso ta warware lissafin farko a allo, tunda bakinta yana da kuzari. Ajin ya yi tsit irin na da, na ji sanyi a raina.

Sai dai akwai wata doguwa a layin baya, yarinya mai shiru, wadda ba ta kalli fil ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da na ɗaga hannu zuwa allo, idonta yana kan gefen damana. Na juya, yana nan. Na sake juyawa, yana nan. Na yi kamar ina gyara riga na taɓa wurin, ban ji abin da ya gusa ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya har aka buga ƙararrawa.

Kowa ya fita, ita ta tsaya tana jan jaka. Na ɗaure fuska.

"Lafiya?"

Ta matso kusa da tebur, ta sunkuyar da kai.

"Malama, don Allah kada ki yi fushi. Wa ya ɗinka miki rigar nan?"

"Me ya same ta?"

"Babu komai. Ba ta nuna komai, wallahi. Hannunki na gane, yadda kike ɗaga shi ki tsaya a rabi. Haka Ummana take yi tun da aka yi mata aikin." Ta ƙara rage murya. "Ta ƙi fita ko ƙofar gida. Ta ce duk abin da ta saka ana ganewa."

Na zauna a kujera. Abin da na yi ta gudu ya same ni, an gane, kuma ban ji ƙasa ta tsage ba. Yarinyar ba ta karkata kai ba, ba ta ce mini sannu ba, amsa take jira.

"Wane gefe ne nata?"

"Hagu."

"Ki gaya mata malamarki za ta zo ranar da babu makaranta, ni da ƙanwata. Kada ta sayi komai kafin nan, musamman mai faɗi."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zubo mata, tana murmushi. Ta juya za ta fita na kira ta.

"Kuma aikin gida na gobe yana nan. Kada ki zo mini da wani uzuri."

"To, Malama," in ji ta, ta fita da sauri.