Hoton Rumasa'u

Da Zaituna ta rasu, sai Muntaka ya tarar ba shi da hotonta ko guda. Wayarsa ƙarama ce mai tocila, ita kuma ba ta son tsayawa gaban mai hoto. Bayan arba'in, surukarsa Iya Tasalla ta ɗauki 'yarsu Rumasa'u, wadda ba a daɗe da yayewa ba, ta tafi da ita Jajaye. Ya rage shi kaɗai a Ƙaraye, daga gida sai shagon ɗinki.

Ran kasuwa ya ga wata tsohuwar kyamara a teburin Gwadabe mai gyaran waya. Fentinta ya goge, murfin batirin ma da salatif aka liƙe shi.

"Tana yi kuwa?" in ji Muntaka.

"Tana yi, sai dai cin batir. Kuma in ka danna ka tsaya cak, ba ta da sauri."

Ya saya. Ya yi kwanaki yana gwaji a tsakar gida. Ya ɗauki randa, ya ɗauki igiyar shanya babu komai a kanta.

Ranar Juma'a ya hau babur sai Jajaye, da 'yar rigar da ya ɗinka mata. Ya durƙusa ya gaida Iya, aka sa wa yarinyar rigar.

"Je ki mana, babanki ne," in ji Iya.

Rumasa'u ta ƙanƙame zanin kakarta. Ya ɗaga kyamarar ya danna, haske ya walƙa, ta fashe da kuka ta ruga ɗaki. Kafin a lallaso ta, batir ya mutu.

"Ka yi haƙuri, ƙiwa ce," Iya ta ce. "Ba ta saba ganinka ba ne."

A hanyar komawa ya tsaya a Rogo ya sayi batir, ya zauna a bencin mai shago ya kunna. Hoto ɗaya ne ya kama ta: ƙeyarta, kunne guda, da rigar a dishi-dishi. Ya daɗe yana kallo, har mai shagon ya tambaye shi ko lafiya.

Washegari ya kai wa mai wankin hoto.

"Malam, ai fuska ba ta fito ba."

"Wanke shi haka nan."

Ya liƙa shi a bangon shago, daidai inda yake fuskanta in yana ɗinki. Masu kawo aiki kan tambaye shi 'yar waye, ya ce tasa ce, tana Jajaye.