Gicciyen da Ke Tsakar Falo

"Taka shi ka gani," in ji Nayeli. "Taka shi, Efraín, ka ga yadda za mu kwashe da kai."

"Wa ya ce zai taka? Cewa na yi yarinyar ta fara rarrafe. Jiya a bakinta na ciro farar ƙasar nan. Yaya, dubi leɓenta fa."

"Sai ka goya ta, uban 'ya."

Efraín ya ɗauki makullin motarsa ya yi waje.

Gicciyen yana nan a tsakar falo, inda aka zana shi da garin farar ƙasa ranar da mahaifinsu, Don Eusebio, ya rasu. A ƙa'ida ƙarƙashin akwatin gawa ake zana shi, ranar tara a share a kai maƙabarta, mamaci ya samu hanya. Su ko gawar ba su gani ba. Toka aka miƙo musu a ƙofar gidan kula da tsofaffi, lokacin korona. Duk da haka Nayeli ta zana, ta kuma rantse ba mai share shi sai ta durƙusa ta gaya wa tsohon sunan wanda ya kashe shi. Shekara uku ke nan ana raɓa bango a gidan. Yau kotu za ta yanke hukunci a ƙarar da iyalan tsofaffin da suka mutu a gidan suka shigar.

A motar hayar da yake ja Efraín ya kwaso iyalan mamatan, kowa rungume da hoto. Suka nufi birnin Puebla. Sai canza tasha yake a rediyo, yana danna hon ba dalili. Shi ya kai Baba gidan tsofaffin nan da hannunsa, bayan shanyewar ɓarin jiki. Nayeli ba ta taɓa cewa laifinsa ne ba. Kallonsa kawai take ta madubi.

A kotun ya kasa zama. Ya fita, ya dawo, ya tsaya jikin ƙofa. Alƙaliya tana karanta hukuncin kamar mai jin barci. Gidan na 'yan kasuwa ne, don haka ba ruwan gwamnatin jiha. Masu gidan kuma umarni suka bi, tunda motar asibitin gwamnati ce ta sauke musu masu tari cikin tsofaffi don a samu gadaje. Umarnin kuwa a dokar ta-ɓaci aka bayar. Ba wanda za a kama.

"Ashe da kansu suka mutu," in ji Doña Chabela, wadda mijinta ya rasu a gadon da ke kusa da na Baba. "Don dai su ɓata wa gwamna suna. Ja'iran tsofaffi!"

Wasu suka yi dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba.

A hanyar dawowa Efraín ya tsaya bakin kasuwa, ya bar injin a kunne. Ya dawo da 'yar tsintsiya sabuwa, da fararen furanni, da ƙaramin kwalin da ake zuba garin gicciye in an share. Ya ajiye a cinyar yayarsa bai dube ta ba. Ba ta jefar ba.

Da suka shiga gida, matarsa Itzel tana tsaye riƙe da yarinyar, ita kuma tana zillo, tana miƙa hannu wajen farin abin da ke ƙasa. Leɓen ya ƙara kumbura. Nayeli ta daɗe tana kallon leɓen. Sannan ta cire takalmi, ta kunna kyandir, ta durƙusa ta wajen kan gicciyen, inda ake fara sharewa.

Tsintsiyar ta tsaya a sama.

"Na yi masa alkawarin suna," ta ce, ba ta ɗago ba. "Efraín, kai ka ji duk abin da matar nan ta karanta. Wa zan ce masa?"